Ajiye ƙaramar bindiga a gida: Lissafin da ke gaban mutanen Karaye da Rogo

Ƙaramar hukumar Rogo tana zaune ne a inda Kano ta haɗa kafaɗa da jihohi biyu, Katsina da Kaduna. Maƙwabciyarta Karaye, mai madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, tana da nisan kusan kilomita 90 daga birnin Kano. Ƙasa ce ta noma: rake, masara, shinkafa, ga kayan lambu na rani. Mai noma kuwa yana da lokacin da kowa ya san akwai kuɗi a hannunsa.

Wannan shi ne tushen fargabar. Shekara da shekaru mutanen wannan yanki suna jin labarin abin da ke faruwa a kudancin Katsina, a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, kuma su ma ba su tsira daga masu satar mutane da ke ƙetaro iyaka cikin dare ba. Da hare-haren 'yan bindiga suka taɓa Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, maganar cewa Kano tudun mun tsira ce ta ƙara rauni.

Don haka tambayar da a da sai a kunne ake raɗa ta, yanzu ta shigo majalisar shayi: shin mai gida ya nemi ƙaramar bindiga ya ajiye? In zai nema, wace iri? Wani ya ce Beretta, wani ya ce ai ba kamar Glock, wani kuma da ya sha kallon bidiyo a waya ya kawo zancen harsashi mai milimita 9. Hira ce mai daɗi. Sai dai kusan kullum tana tsallake tambayar farko, wadda ita ce mai kai mutum gidan yari.

Abin da doka ta ce

Dokar Makamai ta Najeriya tsohuwa ce, tun 1959 aka yi ta, kafin samun 'yancin kai, kuma har yau da ita ake aiki. Ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko su ne haramtattun makamai: igwa, roka, bam da gurneti, bindiga mai sarrafa kanta, da bindigogin soja. A cikin wannan jerin ne, ba a wani waje ba, doka ta sa fistol da libarba. Wato ƙaramar bindigar da ake sokewa a ƙugu, a idon doka ajinsu ɗaya da AK-47. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinta. Ba kwamishinan 'yan sanda ba, ba gwamna ba, balle DPO.

Kashi na biyu su ne bindigogin da mutum zai iya nema don kansa, irin doguwar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar iska. Lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku kuma ita ce bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta maharba. Wannan kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da izininta.

Hukuncin ma ya bi wannan tsari. Wanda aka kama da haramtaccen makami ba lasisi, dokar ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Na kashi na biyu, har zuwa shekara 5. Kuma dokar ta fito fili cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne: ana iya hana mutum, sannan dole a hana wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da mashayi, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Ko ƙofar kashi na biyun ma an jima da turo ta. A watan Mayun 2019 aka ba da rahoton cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin soke lasisin bindigogin da ke hannun jama'a, har Majalisar Wakilai ta nemi ya janye. A watan Agustan 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai.

Ma'anar duk wannan ga ɗan kasuwar hatsi a Zarewa ko mai rake a Beli a taƙaice take. Babu wata hanya ta halal da zai bi gobe ya mallaki fistol. Duk wanda ya kawo masa ita, ko da takarda mai hatimi ya haɗo, kayan laifi ya kawo masa.

Amma ai gwamnoni sun ce a saya

A nan ne mutane da yawa suka rikice, kuma ba laifinsu ba ne. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fiye da sau ɗaya yana kira ga mutanen yankunan da ake kai wa hari su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan: ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar, ta kuma umarci kwamishinan 'yan sanda ya ba da lasisi ga waɗanda suka cancanta.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Rundunar 'yan sandan jihar ta ce haramcin ba da lasisi yana nan, shi kuma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da irin wannan umarni. Makamai suna cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Maganar gwamna a gaban makirufo ba ta zama hujja a gaban alƙali.

Masu son ajiye bindiga suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Ofishin 'yan sanda yana hedikwatar ƙaramar hukuma, ƙauye yana can bayan rafi, hanya kuma da damina sai babur. Kafin taimako ya iso an gama komai. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, alhali na soja da 'yan sanda a haɗe ba su kai 600,000 ba. Mutumin kirki zai iya tambaya: in dai bindigar ta riga ta cika gari, don me shi kaɗai zai zauna hannu rabbana? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai amsarta ba lallai ta zama fistol ba.

Suna a jikin ƙarfe

A ƙasashen da ake sayar da bindiga a shago, zaɓen kamfani yana da ma'ana. Beretta ta Italiya, wadda tarihinta ya koma ƙarni na 16, tana da samfurin 92 mai cin harsashi 15, wanda sojojin Amurka suka ɗauka a 1985. Glock 17 ta ƙasar Ostiriya tana cin 17, jikinta na roba ne mai ƙarfi, ba ta da nauyi. Browning Hi-Power mai cin 13 ta daɗe a hannun jami'an tsaron ƙasashe rainon Ingila, har da Najeriya. Akwai kuma Tokarev da Makarov na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, masu cin takwas-takwas, da kwafinsu da Sin ta ƙera. Mai saye a can yana riƙe kowace, ya gwada a filin harbi, ya ga wadda ta zauna masa a hannu, ya karɓi rasit.

A kasuwar bayan fage ba haka abin yake ba. Duk mai bin labarin holin masu laifi da 'yan sanda ke yi ya saba jin an ce an kama "Beretta ƙirar gida". Wannan magana ita kaɗai ta isa ta kashe gardamar kamfani. Maƙeri ne ya kwaikwayi siffar, wani lokaci har ya buga sunan a jiki. Ƙarfen bututun ba a gwada ƙarfinsa ba, ba a san matsin da zai iya ɗauka ba. Irin wannan bindiga tana iya ƙin tashi a lokacin da ake buƙatarta, tana iya tashi da kanta in ta faɗi ƙasa, tana kuma iya fashewa a hannun mai ita. Binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta wallafa a 2020 kan makaman da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara ya nuna kaso mai yawa daga cikinsu ƙirar hannu ne.

To in ta asali ce fa? Nan ma akwai tambayar da mai sayarwa ba zai amsa ba: daga ina ta fito? Fistol ta gaske ba ta da hanyar shigowa hannun farar hula sai ta fasa-ƙwauri, ko sata, ko kuma ta zurare daga rumbun hukuma. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078, duk da cewa rundunar ta yi jayayya da alƙaluman daga baya. Bindigar da mutum ya ɓoye a ƙarƙashin katifa tana iya zama wadda aka ƙwace daga gawar ɗan sanda, ko wadda aka yi fashi da ita a hanyar Funtuwa. Ranar da aka same ta a ɗakinsa, shi zai yi bayanin tarihin da bai sani ba.

Zancen milimita 9

Awon harsashi shi ne faɗin ramin bakin bindiga, kuma shi ne abin da masu hira suka fi yi wa kuskure. Ana cewa "milimita 9" kamar abu ɗaya ne. Aƙalla iri uku ne ke yawo da wannan suna: 9x19 wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20 kuma rundunonin NATO ke amfani da shi, da 9x18 na Makarov, da ɗan gajeren 9x17. Lamba ta biyu tsawon ƙwanson ce. A ido sun yi kama, musamman da daddare a hasken tocila, amma ba sa musanya. Wanda ya cusa wa bindiga harsashin da ba nata ba, in ya yi sa'a ta cije, in bai yi ba ta ji masa.

Tokarev kuwa nata daban ne, 7.62x25, siriri mai gudun tsiya, an san shi da huda abu ya wuce. A gidan Bahaushe wannan ba abin yabo ba ne. Ƙyauren langa-langa, labule, katangar da ta raba ɗakin amarya da na uwargida, zauren da almajirai ke kwana: harsashin da ya kuskure ɓarawo ba ya tsayawa ya tambayi wanda ke bayan bango.

Sannan harsashi kaya ne mai lalacewa. Wanda ya shekara goma yana yawo daga buhu zuwa rami, ya sha zafi ya sha laima, babu mai tabbatar da zai tashi. Kuma dokar da ta hana bindigar ta hana harsashinta. Kowane zuwa neman ƙari, sabuwar hulɗa ce da mutanen da su ne ke sayar wa 'yan bindigar daji.

Akwai abin da ya fi duk wannan. Fistol ita ce mafi wuyar saiti a cikin bindigogi. Bututunta gajere ne, ba ta da gindin da ake dafawa a kafaɗa, ɗan motsin hannu kaɗan sai harbi ya kauce. Ƙwararre ma ba ya dogara da ita bayan mita 50, kuma ƙwarewar tana zuwa ne bayan harba ɗaruruwan harsasai a filin horo. Mai ɓoyayyar bindiga a Rogo a ina zai yi wannan horo, ƙarar harbi ɗaya ta isa ta tara masa gari? Waɗanda yake tsoro kuwa ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Suna zuwa ne a kan babura, da AK-47 mai cin harsashi 30, mai kaiwa mita 300. Mutum ɗaya da ya farka daga barci, da harsashi takwas da bai taɓa gwadawa ba, bai canza lissafin wannan dare ba. Abin da zai iya canzawa shi ne niyyar maharan, daga ɗauka zuwa kisa.

Sauran kwanakin shekara

Harin da ake tsoro, in ma ya zo, dare ɗaya ne. Bindigar kuwa tana gidan kullum: ranar da yaro ɗan shekara takwas ya buɗe akwatin babansa, ranar rikicin iyakar gona, ranar rabon gado, ranar da matashin gidan ya dawo a buge, ranar da kasuwa ta karye mai gida ya rasa inda zai sa kansa.

An yi nazarin wannan sosai a Amurka, inda bindiga ta halatta. Binciken da Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya gano cewa gidan da ke da bindiga ya fi fuskantar haɗarin kisan kai a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi ɗan gida ne ko na kusa ke yin kisan. Wani binciken na Jami'ar Stanford a 2020, wanda ya bi mutum miliyan 26 a jihar Kalifoniya, ya nuna mazan da suka mallaki fistol sun fi sauran kashe kansu da bindiga ninki takwas. Amurka ba Karaye ba ce, gaskiya ne. Amma gidan da ke da mata biyu da yara goma sha biyar da ƙofa a buɗe ga maƙwabta ya fi gidan Ba'amurke hannuwan da za su iya kaiwa ga abin da aka ɓoye.

Kuma sirri ba ya daɗewa a ƙauye. Wanda ya haɗa cinikin ya sani, wanda ya kawo ya sani. A yankunan da 'yan bindiga suka yi ƙarfi, masu kai musu rahoto daga cikin gari su ne babbar masifa, bindiga kuma kaya ce da suke nema kamar kuɗi.

In an yi harbin fa?

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 33, ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, haka ma dokar Penal Code ta Arewa da shari'ar Musulunci. Amma duk sun sa iyaka: ƙarfin da aka yi amfani da shi kada ya wuce gwargwadon buƙata. Kotu ce ke auna wannan gwargwado, bayan ƙura ta lafa.

Shari'ar Sunday Jackson, manomi daga Adamawa, ta nuna yadda awon ke iya zama. Ya ce wani makiyayi ne ya far masa da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya kashe shi. An yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Sai afuwar gwamna ce ta fitar da shi, bayan shekaru a tsare. Wannan da wuƙar maharin kenan. Wanda ya yi harbi da haramtacciyar fistol, ko kotu ta yarda kare kai ya yi, laifin mallakar makamin yana nan yana jiransa.

Ko bindigar toka, wadda doka ta fi sassauta wa, tana da nata haɗarin idan aka fita da ita daga inda aka san mai ita. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, suna hanyar dawowa gida hutun sallah, bayan 'yan sintirin garin sun ga bindigogin farauta a motarsu. A watan Janairun 2025 kuma jirgin yaƙi ya hallaka mutane a Tungar Kara ta Zamfara, ciki har da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun 'yan bindiga. Daga sama, ko a shingen bincike da tsakar dare, mai riƙe da bindiga ba ya ɗauke da alamar cewa shi na kirki ne.

Inda jihohi suka karkata

Bayan kiraye-kirayen a sayi bindiga sun ci karo da doka, gwamnonin Arewa maso Yamma sun koma wata hanya: runduna mai rajista, mai horo, mai albashi, da ke aiki tare da jami'an tsaro. Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da ta Katsina a watan Oktoban 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, Kano ma ta yi dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a 2025. Waɗannan rundunoni ba su rasa abin zargi ba. Tarihin 'yan sa-kai a Zamfara, inda kisan gilla a kasuwanni ya ƙara rura wutar ramuwar gayya, ya isa gargaɗi. Bambancin dai shi ne akwai sunan wanda aka ba makami a rubuce, akwai kuma wanda za a tuhuma.

A Karaye da Rogo akwai tsarin da ya girmi duk waɗannan: mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa fadar Sarkin Karaye, masarautar da dokar 2024 ta maido a matsayin mai daraja ta biyu da waɗannan ƙananan hukumomi biyu a ƙarƙashinta. Ta wannan tsani ne ake sanin baƙon da ya kama haya a gari, da wanda ke sayen burodi da fetur fiye da ƙima yana nufar daji. Kuɗin da mutum ɗaya zai zuba a fistol da ba a san asalinta ba, in an haɗa na mutum goma, zai sa wa 'yan banga mai a babur, ya sayi fitilu masu aiki da hasken rana a mashigar gari, ya gyara ƙofar gidan da ta ruɓe. Manomin da ya karɓi kuɗin rakensa ta banki, bai kwana da su a gida ba, ya rage dalilin zuwa gidansa tun daga tushe.

Saura waɗanda bindigar ta riga ta shiga gidansu, wasu ma ba su suka saya ba. Akwai gidajen da tsohon soja ko tsohon ɗan sanda ya rasu ya bar libarba a ƙasan adaka, magada suna ganin ta shiga cikin gado kamar agogo. Lasisi, in ma akwai shi, na mutum ɗaya ne, ba ya bin jini. Hanyar da ta rage ita ce miƙa ta ga 'yan sanda ko ga Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Masu wannan niyya sun fi samun kwanciyar hankali idan suka fara sanar da dagaci ko lauya, aka yi musu rakiya, suka kuma karɓi takardar shaidar miƙawa, maimakon mutum ya soke ta a aljihu ya hau babur shi kaɗai ya bi ta shingen bincike.